Zanen launin ruwa da danshi ya ci a wani tsohon coci na Norfolk

Wurin da zanen

Cocin yana wani ƙaramin ƙauye a gundumar Norfolk, gabashin Ingila. Na yi wa mutanensa alkawarin ba zan ambaci sunan wurin ba, domin sun buɗe mini takardunsu har da wuraren da suka yi kuskure. Norfolk tana da tsofaffin majami'u sama da 600 da aka gina tun kafin ƙarni na 16, yawancinsu da dutsen ƙyastu da farar ƙasa, saboda yankin ba shi da dutsen sassaƙa mai kyau. Arzikin ulu da saƙa ne ya ɗaga da yawa daga cikinsu. Wannan na ƙarni na 14 da na 15 ne, kaurin bangonsa ya kusa mita ɗaya, masu zuwa ibada ranar Lahadi kuwa ba su cika kai ashirin ba.

Zanen da ake magana a kansa na launin ruwa ne a kan takarda, faɗinsa santimita 38, tsayinsa 27, babu sa hannun mai shi. Ya nuna cikin cocin kamar mutum ya shigo ta ƙofar kudu ya tsaya. Ga ginshiƙai da bakan gizo a kansu, ga wuraren zama na katako masu ƙofa kamar akwatuna, ga mumbari mai hawa uku. Can gaba akwai shingen katako mai sassaƙa wanda aka zana waliyyai a ƙasansa, kusa kuma kwatarniyar dutse ta baftisma. A bangon arewa, daura da ƙofa, ana ganin rabin wani ƙaton mutum da sanda a hannu da yaro a kafaɗa. Waliyyi Kiristofa ke nan. A wancan zamani an saba zana shi daidai inda mai shigowa zai fara kai ido, saboda imanin da ake da shi cewa wanda ya gan shi ba zai yi mutuwar fuju'a a wannan rana ba.

Yau idan ka tsaya a wurin, daga ginshiƙai sai kwatarniyar kawai za ka tarar. Tun daga shekarun 1840 guguwar gyaran majami'u ta taso a Ingila, aka fitar da akwatunan zama, aka rushe dogayen mumbarai, wurare da yawa aka kankare yaɓen bango har da zanen da ke ƙarƙashin farar ƙasa. Ɓarnar ta yi yawan da a 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine. Kafin wannan guguwa, kuma kafin a bayyana ɗaukar hoto a 1839, masu son kayan tarihi ba su da abin riƙe shaida sai mai fensir da burushi. A birnin Norwich aka kafa ƙungiyar masu zane a 1803, John Sell Cotman kuma ya yi shekaru yana zagaya majami'un gundumar yana zana ƙofofi da kaburbura, da tallafin wani mai banki na Yarmouth, Dawson Turner. A bayan manya irinsu akwai ɗimbin limaman ƙauye da 'ya'yansu mata da ke zane don sha'awa. Darajar aikin irin waɗannan mutane ta fito fili a Westminster da ke birnin Landan: a 1819 Charles Stothard ya kwafi zanen bangon wani ɗakin fada na ƙarni na 13 da launin ruwa, gobarar 1834 ta cinye ɗakin, kwafin ya zama abin da ake dubawa.

Sai an san yadda aka haɗa irin wannan zane kafin a gane ciwonsa. Takardar ta tsumman lilin da auduga ce, an shafe ta da ruwan gam na fata don kada launi ya nutse. Launin kuwa gari ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron dakwara ɗin nan da muke sa wa tawadar allo, wanda a lokacin yawancinsa ta kogin Senegal yake isa Turai. Shafi ne siriri ƙwarai, babu wani mai ko sheƙi a samansa da zai kare shi. Abin da ya taɓa takardar ya taɓa zanen.

An rataye shi a ƙusa ɗaya a bangon arewa tun kafin a haifi duk wanda ke raye a ƙauyen. Wannan bango ta waje ba ya samun rana, shi ya sa ya fi kowanne sanyi da laima. Ta ciki kuma shi ke fuskantar manyan tagogin kudu masu farin gilashi, rana na sauka a kansa kai tsaye.

Oktoba, shekara ta farko: abin da aka gani

Wadda ta fara lura dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta da ta haura saba'in, ɗaya daga cikin wakilai biyu da jama'a ke zaɓa kowace shekara su kula da kayan coci. Suna ƙawata wurin don bikin godiyar girbi, ta ɗaga zanen za ta goge ƙura, sai ta ji bayan firam ɗin da sanyi da damshi kamar tulu. Da ta kai shi gaban taga ta ga hazo a cikin gilashin, ga ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa sun bazu a saman takardar, ga takardar ta yi tudu da kwari. Fararen wuraren da mai zanen ya ɗiga don nuna hasken taga sun koma toka-toka, wasu baƙi. A ƙasan gilashin akwai matattun ƙananan ƙwari baƙaƙe sirara, irin waɗanda ke tasowa daga gonakin alkama lokacin girbi su kutsa duk wata kafa.

Ta nemo wani hoton biki da aka ɗauka kimanin shekara ashirin baya, inda zanen ya fito a bayan amarya. Ko a wannan ƙaramin hoto ana iya ganin ɗigon bai kai haka yawa ba. Ashe abin ci gaba yake yi.

Nuwamba zuwa Maris: gyaran gida

Abu na farko da ta yi shi ne ta tafi da shi gida ta jingine shi kusa da hita don ya bushe. Cikin kwana uku hazon ya ɓace. Amma takardar manne take da wani kwali a bayanta, kuma su biyun ba sa bushewa tare. Kwalin ya lanƙwashe, takardar ta ja, kusurwar sama ta dama ta tsage tsawon santimita huɗu.

Wani ɗan kwamitin coci mai hannu da aikin katako ya karɓa. Ya cire ƙusoshin baya, ya fitar da zanen, ya murza masa tsakiyar burodi, dabarar da ya gada daga kakarsa ta goge datti a takarda. Ƙura ta fita kam. Sai dai a wuraren inuwa masu duhu, inda mai zanen ya ƙara ƙaro don launin ya yi zurfi, danshi ya riga ya tausasa shafin, burodin ya ɗebe shi. Ɗigon tsatsar ko gezau, domin a cikin zaren takardar yake. Ɓurɓushin da ya maƙale a gefe kuma ya zama abincin fumfuna. Tsagar ya liƙe ta da salatif ta gaba, a gefen da kwalin fuska, wato kwalin da ke kewaye zanen ta gaba a cikin firam, ke rufewa. Ya mayar da komai cikin firam, ya ƙara ledar roba a baya da niyyar ta tare danshin bango.

Kwamiti ya sayi injin tsotse danshi irin na ɗaki aka ajiye a ƙarƙashin zanen. Dattijuwar tana zuwa kullum da safe ta zubar da ruwan da ya tara. Injin da aka yi don ɗakin kwana ne aka ba shi gini mai rufi sama da mita goma, mai ƙofofin da iska ke shiga ta ƙarƙashinsu, mai bangon da ke jiƙe. Kuɗin lantarki ya hau, aka kashe shi a watan Fabrairu.

A watan Maris hazon ya dawo fiye da da. Ledar ba ta hana danshi shiga ta gefen firam ba, ta dai hana shi fita. A ƙasan kwalin fuska fumfuna fara mai gashi-gashi ta fito.

Afrilu zuwa Satumba, shekara ta biyu: bincike da awo

Doka ta wajabta wa kowane coci na ɗariƙar Anglika a Ingila a kawo masanin gini ya duba shi duk shekara biyar, kuma zuwansa ya faɗo a watan Afrilu. Ya hau tsani ta wajen bangon arewa ya tarar indararo ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, bututun da ke sauke ruwa kuma ya tsage ta bayansa, inda ba a gani daga ƙasa. Duk ruwan saman da ya sauka a wannan ɓangare na rufi cikin bango yake shiga. Wani gyara da aka yi a da da siminti, maimakon farar ƙasa, ya toshe hanyar da bangon zai fitar da laimar ta waje, saboda haka ta ciki take fitowa. Ƙusar zanen tana ƙasa da tsagar bututun da kamar mita biyu.

Shi ne ya ce kada kowa ya sake buɗe firam ɗin, kuma ya tuna musu cewa gyaran kayan tarihi na coci sai da izinin hukumar dayosis, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop ɗaya. Aka rubuta takarda, aka nemi ƙwararriyar gyaran takardu mai rajista. A lokacin ina zaune a ɗakin aikinta ina koyon sana'ar don amfanin tsofaffin rubuce-rubucenmu na ajami da Larabci, don haka tare muka je a watan Mayu.

Malamata ba ta taɓa zanen ba sai da ta zagaya cocin ciki da waje. Ta liƙa ƙananan na'urori biyu masu rubuta zafi da danshin iska kowace awa, ɗaya a jikin ƙusar, ɗaya a tsakiyar ginin, aka bar su shekara guda. Abin da suka nuna daga baya shi ne danshin iska a jikin bangon yana tsakanin kashi 80 da 90 cikin ɗari yawancin shekara. Fumfuna tana samun wurin zama da zarar an daɗe sama da kashi 65 zuwa 70. Ta auna haske da tsakar rana a daidai wurin zanen, ya haura luks (ma'aunin ƙarfin haske) dubu biyar lokacin da rana ta faɗo kansa. Abin da gidajen tarihi suka saba ba zanen launin ruwa luks 50 ne.

Ba ta ɗauke shi kai tsaye zuwa busasshen ɗaki ba. Ta kwantar da shi a akwati, ta cire ledar, ta bar shi a wani ɗaki mai sanyi na gidan limamin coci mako uku, sannan ya zo wurinmu ya ƙara mako biyu a rufe kafin a buɗe. Darasin hita ke nan: takardar da ta shekara ɗari tana shan laima ba a yaye ta rana ɗaya.

Izinin aikin ya fito a watan Satumba. A wannan watan aka share indararo, aka canza bututu.

Oktoba zuwa Disamba: buɗe firam

An fara da ɗaukar hoto ta gaba da ta baya, da hasken da ke zuwa ta gefe don tudu da kwari su fito, da kuma fitilar ultrabayolet. A ƙarƙashin wannan fitila ɗigon ya ninka abin da ido ke gani, wasu suna ƙyalli alhali ba su riga sun yi launi ba. Irin wannan tabo ana danganta shi da abu biyu, fumfuna da ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga takarda tun wurin yin ta, kuma danshi ne ke tayar da kowannensu.

Bayan firam ɗin falankin katako biyu ne sirara da 'yar tazara a tsakaninsu. Daidai wannan tazara wani layi mai ruwan ƙasa ya ratsa zanen daga sama har ƙasa, inda iska ta yi ta wucewa. An cusa tsohuwar jarida ta kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya don cike gibi, ita ta nuna lokacin da aka yi wannan firam. Kwalin fuska da na baya duka na niƙaƙƙen itace ne, irin mai arha da ya cika kasuwa a ƙarshen ƙarni na 19. Irin wannan kwali yana tsami da tsufa, tsamin kuma yana ratsawa cikin takardar da ke jikinsa. Bakin kwalin fuska ya bar ƙuna mai ruwan ƙasa kewaye da zanen.

Da malamata ta ɗaga kwalin fuskar, sai ta kira ni in zo in gani. A gefe-gefe, wani siririn zare na zanen mai faɗin milimita shida ya kwana a ɓoye tun ranar da aka rufe shi. A cikin wannan zare inuwar ginshiƙai shuɗiya-shuɗiya ce mai sanyi, sararin da ake hangowa ta taga shuɗi ne sosai, akwai kore a ganyen da ke leƙowa. Milimita ɗaya daga nan, inda rana ta samu, komai ja-ja ne kamar ƙasar jan birji. Duk ƙauyen sun taso suna ɗauka mai zanen ya so cocin ya yi kama da hasken la'asar. Ba haka ya zana ba. Masu zane na lokacin suna haɗa toka-tokarsu da shuni da jar ƙasa. Shunin da ke daɗewa a tufa, inda marina ke tsoma zane sau da yawa har ya ƙoshi, a nan shafi ɗaya ne siriri, haske na cinye shi ya bar jar ƙasar da ba ta koɗewa. Rawayan da aka haɗa da shuni don a sami kore shi ma ya tafi. Ba sabon sani ba ne: tun 1888 Russell da Abney suka fitar da rahoton gwajin da suka yi wa gwamnatin Birtaniya kan yadda haske ke cin launin ruwa, bayan gardamar da ta tashi a kan zanen da ake bajewa a gidan tarihi na South Kensington.

Salatif ya fita da sauƙi fiye da yadda aka ji tsoro, saboda bai kai shekara ba, gam ɗinsa bai riga ya narke cikin takarda ya yi rawaya ba. Da ɗan ɗumi da bakin ƙarfe siriri aka ɗaga shi, aka ɗebe saura da sinadari a kan auduga. Ya tafi da 'yar fatar takarda kamar ƙwayar gero biyu.

Raba zanen da kwalin baya shi ya ci lokaci. Ba a ɓamɓare zane daga kwali, kwalin ake ci daga baya. An kifa shi a kan takarda mai laushi, ana fere kwalin da 'yar wuƙar tiyata shafi bayan shafi, awa goma sha huɗu cikin kwana huɗu. Shafin ƙarshe da tsohon gam ɗin fata aka tausasa su da wani kulli mai riƙe ruwa, murabba'i kaɗan-kaɗan, ana ɗebewa kafin laimar ta kai ga launi.

Abu biyu suka bayyana. Da aka ɗaga takardar a gaban haske, ga tambarin masana'antar Whatman a cikin jikinta da shekara a ƙarƙashi, cikin shekarun 1820. Wannan ya nuna ba a yi zanen kafin nan ba. Sannan a bayanta, da tawada mai ruwan ƙasa, akwai layi uku na rubutun hannu: cewa surar da ke bangon arewa ta bayyana ne da farar ƙasa ta zubo, kuma wakilan coci sun sa a sake shafe ta. Wanda ya manna kwalin ya binne wannan bayani shekara fiye da ɗari.

Janairu zuwa Maris, shekara ta uku: wanki, da abin da aka ƙi yi

Kafin ruwa ya taɓa zanen an gwada kowane launi da ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ragowar rawaya ya motsa, inuwa mai yawan ƙaro ta motsa. Tawadar baya ta ƙarfe da sinadarin jima ce, 'yar uwar wadda ake haɗawa da bagaruwa a wurinmu, ita ma ba ta son jiƙa. Saboda haka tsoma takardar a ruwa ya fita daga lissafi.

Gwaji na farko shi ne a ɗan turara ta da laima, a kwantar da ita a kan jiƙaƙƙiyar takardar tsotse ruwa, dattin ya sauka ta baya. Minti ashirin na farko abin ya yi kyau, takardar tsotsen ta yi rawaya kamar ruwan shayi. Sai wani layi ya fara taruwa kusa da rubutun. Malamata ta tsayar nan take ta busar.

Gwaji na biyu a kan tebur mai zuƙar iska ta ƙasa aka yi shi. Ana fesa hazon ruwa gauraye da barasar magani ta sama, tebur na janye shi ta cikin takarda kafin ya sami damar yaɗuwa gefe. An rufe wurin rubutun da wuraren rawaya. A kan layin tazarar katako da ƙunar kwali aka ɗora yankakken kulli mai tauri kamar daskararren romo, wanda ke sakin ruwa kaɗan yana tsotse datti. Wannan ya yi. Ma'aunin tsamin takardar ya tashi daga kusan 4.5 zuwa kusan 6, wato tsamin ya ragu, ta rage karyewa, layin ya dushe har sai an nema. Ɗigon tsatsar ya yi haske amma bai tafi ba.

A nan aka sami saɓani. Dattijuwar ta zo da motar haya ta ga aikin, ta yi murna, sannan ta tambaya ko ba za a sa maganin farantawa a ƙarasa ɗigon ba, a kuma ɗan mayar da shuɗin sama tunda ga samfurinsa a gefe. Kuɗin jama'a aka tara, tana so su ga abin da suka biya. Malamata ta zaunar da ita ta nuna mata wani zane da aka faranta da sinadarin kulorin a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da ake yayin haka: takardar fara fat kamar alli, zarenta ya mutu, launin ya yi fayau. Game da shuɗin kuma ta ce duk abin da ta shafa zai zama nata ne, ba na mai zanen ba, kuma nan da shekara hamsin ba wanda zai iya raba su. Dattijuwar ta yi shiru, ta ce to a bar shi da tsufansa.

Wuri ɗaya aka yarda a sa sinadari. Farin da ya koma baƙi farin dalma ne, wanda iskar da ke ɗauke da kibiritu, irin ta hayaƙin kwal da fitilar gas, ke mayarwa baƙi. Da yake baƙin ya juya ma'anar zanen, haske ya zama duhu, an taɓa kowane ɗigo da ruwan feroksayid a bakin burushi mai gashi kaɗan, ya koma fari. An rubuta kowane wuri a rahoto.

Tsagar aka haɗa ta baya da siririyar takardar Japan da manne na sitatin alkama, wanda ake iya cirewa da laima kawai. Aka danne takardar tsakanin takardun tsotse mako uku har ta kwanta. Aka rataya ta da 'yan maɗaurai biyu a sabon kwali na auduga zalla, aka yanka kwalin fuska da faɗi don zaren shuɗin nan ya fito a gani, aka bar taga a baya saboda rubutun.

Afrilu zuwa Fabrairu: komawa coci

Shawarar malamata ita ce kada ya koma ginin. Kwamiti ya ƙi, kuma suna da hujja: zanen na wurin ne, a wurin yake da ma'ana. Aka yi sulhu. Aka sa shi a tsohon firam ɗinsa da gilashi mai tace ultrabayolet, aka liƙe gefuna da baya, aka sa ƙwallayen toshiya huɗu don iska ta ratsa tsakaninsa da bango, aka rataye shi a bangon ciki na ɗakin da limami ke sa tufafi, inda rana ba ta kaiwa. A cikin firam ɗin ta baya aka saka kati mai canza launi idan danshi ya hau. Sharaɗin shi ne idan ya wuce kashi 65, zanen zai fita.

Bazara ta wuce lafiya. A watan Nuwamba katin ya fara juyawa, a watan Fabrairu ya nuna sama da 70. An gyara indararo tun fiye da shekara, amma magina na cewa jiƙaƙƙen bango inci ɗaya yake bushewa a wata, ga shi ginin ba a ɗumama shi sai awa biyu ranar Lahadi. Liƙin firam yana jinkirta danshi, ba ya hana shi har abada. Dattijuwar da kanta ta sauke shi, tun kafin wani sabon tabo ya fito.

Shekara ta huɗu: ma'ajiya, kwafi, da bangon arewa

An kai ainihin zanen ma'ajiyar takardun tarihi ta gundumar a matsayin ajiya, mallaka na nan hannun coci. Yana kwance a akwati cikin duhu da daidaitaccen danshi, mai son gani ya nema a fito masa da shi. An buga kwafi daidai girmansa aka sa a tsohon firam, aka mayar a ƙusarsa ta asali. A gefensa akwai ƙaramin kwafi na biyu da aka gyara launinsa a kwamfuta bisa zaren gefen, an rubuta a ƙasa cewa kintace ne.

A wannan shekarar kwamiti ya kawo shirin jan wayar lantarki don sababbin hitoci, za a tsaga yaɓen bangon arewa a binne ta. Masanin ginin ya ɗauko hoton zanen da rubutun bayansa. Da aka gwada zanen da ginin sai aka ga mai shi ya ɗan yi son ransa: ya faɗaɗa tsakiyar cocin, ya matso da kwatarniyar baftisma don ta fito daga bayan ginshiƙi. Don haka ba a ɗauki awonsa ba, an dai ɗauki matsayin surar tsakanin taga ta biyu da ƙofar arewa, abubuwan da ba su motsa ba.

Wata ƙwararriyar zanen bango ta buɗe ƙananan tagogi shida a jikin farar ƙasa, kowace santimita biyar. Huɗu na ƙasa sun faɗa kan sabon yaɓe na ƙarni na 19. Biyu na sama, bayan shafi bakwai na farar ƙasa, sun kai ga tsohon yaɓe mai jar ƙasa da wani baƙin layi mai lanƙwasa. Ba a ci gaba da tonewa ba, domin bangon bai gama bushewa ba kuma babu kuɗin kula da abin da za a fito da shi. An ɗauki hoto, an rufe. Wayar ta bi ta ƙasan benci.

Hukunci

A ganina tsufa ba shi da laifi a wannan lamari. Takardar tsumma mai kyau tana iya wuce shekara ɗari biyu ba ta gaji ba, zaren milimita shida ya shaida haka. Abin da ya ci zanen uku ne, kuma kowanne da irin tabonsa: rana ta ɗauke shuɗi da rawaya, kwali da katako sun sa tsami da ƙuna, bututun da ya tsage ya kawo fumfuna da ɗigo. Na ukun ne ya sa abin ya yi sauri a shekarun baya-bayan nan.

Gyaran gida ya gaza ne saboda duk an nufi takardar da shi, ba wanda ya zagaya bayan bango. Hita, burodi, salatif da leda kowanne ya ƙara rauni, biyu daga ciki ba su gyaruwa: launin da burodi ya ɗebe da fatar da salatif ya tafi da ita. Ban ga laifin zuciyar waɗanda suka yi ba, don su ne kaɗai suka damu har suka taɓa. Da sun sauke shi sun kwantar a ɗaki mai sanyi sun jira, da babu tsaga ko ɗaya.

Abin da ya yi aiki shi ne awo kafin magani, gwaji kafin wanki, da tsayawa da zarar an ga alamar ɓarna. Ƙin farantawa da ƙin sake shafa launi na ɗauke su daidai, domin amfanin wannan zane shaida ce, kuma an ga haka ranar da aka zo tsaga bango. Komawarsa coci na wata goma ban kira ta asara ba. Kati ne ya raba gardamar da baki ya kasa rabawa, kuma kwamiti ya sauke shi da yardarsa.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne dattijuwar ba ta tuƙi, ma'ajiyar kuma tafiyar mota biyu ce daga ƙauyen. Sau ɗaya ta je ganinsa tun da aka kai shi. An ce ta nemi a juya mata shi ta baya, ta karanta layi ukun nan, sannan ta sa a mayar da shi akwati.